Ranar da Na Tura 'Yar Farina a Keken Jarirai

Dariyar da kuka yi ranar Juma'ar da ta wuce ita ta sa na zauna rubuta wannan babi. Jikana Mubarak, ɗan shekara shida, ya kafe sai an tafi masa da keken jarirai na ƙanwarsa idan za su wurin wasan yara a Yamai, sai kai Habu ka ce a ƙyale shi, gado ya yi, ai uwarsa ma tana da shekara goma aka tura ta. Kowa ya fashe da dariya, har ita uwar tasa ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Ni ban yi ba. Labarin nan ya daɗe a bakinku, kun sassaƙe shi har ya koma labarin shagwaɓa, wai yayarku ce ta ƙi tafiya ni kuma na biye mata. A Tibiri kuwa wani iri suke ba da shi, can labarin matar da ba ta da kunya ne. To, da ku da su duk ba ku san shi ba. Kai Habu shekararka bakwai lokacin, hankalinka yana kan ƙananan motocin nan masu karo da juna. Ke Nafisa kina bayana kina barci. Ni na riƙe hannun keken, saboda haka ku ji daga wurina.

Sai na fara da abin da ku yaran yanzu kuke ji kamar tatsuniya. A Jiratawa inda aka haife ni, cikin gidan masu noman zogale, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, in an yabe shi sai ta kau da kai, in an zage shi ba ta tanka. Kunya ke nan, kuma da ita ake auna tarbiyyar gidan da mace ta fito. Da na haifi yayarku a ɗakin mahaifiyata, sai an yi mini tsawa nake ɗaukarta in ba ta nono, shi ma ina fuskantar bango. Da lokacin yaye ya yi, aka kai ta Tibiri wurin Inna, mahaifiyar babanku, daga yaye kuma ya zama riƙo. Inna ita ce uwarta, ni kuma Tanti take ce mini kamar yadda yaran maƙwabta ke cewa. In sun zo mana Maraɗi, ba na yi mata magana kai tsaye. Sai in dubi randa in ce, a gaya wa mutanen Tibiri tuwo ya sauka. Ta Tibiri nake ce mata, kuma an yaba mini ƙwarai a kan haka. Inna da kanta tana ba da misali da ni a gidan biki.

Yarinyar kuwa da ciwon emasi aka haife ta, wanda mutanen Najeriya ke kira sikila. Ba gurguwa ba ce, tana tafiya da ƙafarta, tana zuwa lakwal, wato makarantar boko, tana dakan yaji in Inna ba ta gani ba. Amma jikinta bai wuce na 'yar shekara shida ba, kuma in ta daɗe a rana ko ta yi doguwar tafiya, ciwon sai ya sauka a cinyoyinta da bayanta ya kwantar da ita. Inna ba ta yarda a ambaci sunan ciwon nan ko a tsakar gida. In an tambaya sai ta ce sanyin ƙashi ne, zai bar ta in ta girma. Ba mugunta ba ce, tana tunanin ranar da za a zo neman aure ne, don ta san bakin mutane. Shekarar da ta gabaci wadda nake ba ku labari, 'yan uwa suka ja ta yawon Sallah tun safe har la'asar, washegari sai gidan likita. Na dafa kunu na kai, na tsaya a bakin ƙofa na ce wa Inna yaya mai jiki, kamar wata maƙwabciya. Ma'aikaciyar da ke sa mata ƙarin ruwa ta ɗago ta ce wace ce uwar yarinyar. Inna ta ce ita ce. Yarinyar ta juyo da idanunta da suka yi rawaya ta dube ni, ni kuma na dubi kwanon kunu. Na koma gida ranar raina a ɓace, ban san ma da wa nake fushi ba.

Shi kuma keken, tarihinsa abin dariya ne. Babanku yana tsaron kantin atamfa na wani Alhaji a babbar kasuwa, da aka yi sunan Nafisa sai Hajiyar gidan ta aiko mana da keken jarirai da ta sayo a Dubai, shuɗi, mai rumfa da kwando a ƙasa. Matan layinmu na Sabon Gari suka yi ta zuwa kallo. Na gwada shi sau ɗaya, ƙafafunsa suka nutse cikin rairayin ƙofar gida, Nafisa ta tsala ihu, na mai da ta bayana na ɗaure zane. Daga nan keke ya sami aikin da ya dace da shi. In an kawo mini albasa daga fadamar Jiratawa, cikinsa nake zubawa don iska na shiga ta ko'ina, rumfarsa kuma a kanta nake shanya zogale. In Hajiya ta ce za ta leƙo mu, sai a kwashe albasa a goge shi a ajiye a bakin ɗaki.

A wannan shekarar ne wani ɗan kasuwa ya buɗe wurin wasan yara a bayan gari. Duk Maraɗi babu maganar da yara ke yi sai tasa. Akwai dawakin roba masu zagayawa, akwai motocin karo, akwai kuma babban lilo mai kama da ƙafar keke a tsaye, wanda ke ɗaga mutum sama har ya fi bene tsawo. Ƙaramar Sallah ta faɗo cikin zafin nan na bayan damina. Inna ta zo mana da yarinyar da Gwaggonku Indo, ƙanwar babanku, za su kwana biyu. Tun da suka sauka Habu yake cika wa yarinyar kunne da labarin lilon, wai daga samansa ana hango har Tibiri. Ina tuƙa tuwo ina jin su. Sai da ya gama ta tambaye shi a hankali ko da nisa daga ƙofa zuwa wurin lilon.

Da safen da za a tafi, Inna ta yanke hukunci tana shan fura.

"Su Habu su tahi. Rakiya tana nan wurina, bara ta ishe ni."

Yarinyar ta riga ta sa kayan Sallarta, an yi mata lalle, ta ɗaura ɗankwali ta kwance ta sake ɗaurawa a gaban madubi. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan tabarma ta cire takalmanta ta jera su kusa da juna. A ƙa'ida ba ni da baki a maganarta, ko yanka ta za a yi sai dai in shiga ɗaki. Amma tun kwana biyu kafin nan na riga na yi wani abu da ba wanda ya sani. Na kwashe albasar, na wanke keken da omo, na ɗora masa rabin buhun gero na tura shi zagaye da tsakar gida inda aka yi siminti, don in ga ko zai ɗauki nauyinta. Ya ɗauka, ƙafa ɗaya ce kawai take kuka. Saboda haka na dubi randa kamar yadda na saba, na ce an ce wurin duk siminti ne, kuma ga keke nan yana zaune banza.

Inna ta ajiye ludayi.

"Mi kika ce, Salamatu?"

"Na ce in ta gaji sai a tura ta, Inna."

"Cikin abin jarirai? Ɗiya mai shekara goma? Ki kai ta tsakiyar Maraɗi ranar Sallah, inda mutanen Tibiri sunka cika, su ga an naɗe ta cikin keke kamar musaka? Gobe wa za shi zo neman ta? Gara ta zauna gida, kowa shi ce ba ta son hayaniya. Kuma ke yaushe kika hwara shiga maganatta?"

Wannan tambayar ta ƙarshe ita ta fi zafi, don gaskiya ce. Babanku, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ba ya son ganin mata biyu suna kallon juna. Ya yi ta gyaran hula, ya ce shi a ganinsa ba a taru an zama ɗaya ba, amma kuma kowa da gaskiyarsa. Indo ta ce yaran lakwal ɗinsu ma za su gan ta, su sa mata suna har ta tsufa. Aka yi ta jan magana. Abin da ya karya Inna ba bakina ba ne, takalman nan ne da aka jera, don ita ma tana kallonsu. Daga ƙarshe babanku ya kawo tsakiya. Ya ce a tafi da keken don Nafisa da kular abinci, yarinyar ta taka da ƙafarta, Indo ta bi mu, da ta nuna gajiya a ɗora ta kan babur ɗin kabu-kabu a dawo da ita gida.

"Kada wanda ya sa mini ɗiya cikin abin ga," in ji Inna, kuma ni take kallo.

Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Na sunkuya na gyara goyon Nafisa.

Kabu-kabu uku muka yi. Mai ɗauke da ni ya naɗe keken ya ɗora a kan tanki yana mita, wai shi bai taɓa ɗaukar mota a kan babur ba. Muka iske ƙofar wurin a cike maƙil, layi ya miƙe cikin rana babu ko inuwar bishiya. Nan ƙarfin yarinyar ya fara zuba tun ba mu shiga ba. Na lura, sai dai ina miƙa wa Habu gorar ruwa ina cewa a ba mutanen Tibiri su sha. Da muka shiga ta hau dawakin roba, ta yi dariya har na ga haƙoranta na ciki, abin da ban taɓa gani da kyau ba. Ta tsaya ta kalli Habu yana karo da motar wani yaro. Babban lilon kuwa can ƙarshen fili yake, sai an ratsa masu sayar da kankana da alawa da duk taron jama'ar. Muka nufi can, keke na gaba da kula a cikinsa, ni ina turawa. Ba mu kai rabi ba na ga ta fara jan ƙafar hagu. Ta ƙara 'yan taku, ta kama wayar shinge, ta zauna a ƙasa da sabuwar atamfarta.

Indo ta ce shi ke nan, alkawari ya cika, bari ta nemo mai kabu-kabu. Yarinyar ta ɗaga kai ta dubi lilon yana juyawa da yara suna ihu a sama, sannan ta dubi ƙasa.

"Ba komi, Gwaggo. Dama ba ni so, tsoro nika ji."

Ƙarya take yi, don ta sauƙaƙa mana. Yarinya mai shekara goma ta riga ta koyi janye ranta daga abu tun kafin a hana ta. A nan ne na yanke shawara. Kada ku ɗauka rufe ido na yi na bi son zuciya. Shekara goma ina kallon yarinyar nan ta wutsiyar ido, kuma wanda aka hana kallo kai tsaye ya fi kowa gani. Na san in ciwon ne ya taso, cinyarta take damƙewa da hannu biyu ta ciji leɓe, goshinta ya yi gumi mai sanyi. In gajiya ce kawai, baki take buɗewa tana numfashi, hannuwanta a sake. Ranar hannuwanta a sake suke. Abin da take bukata inuwa ne da ruwa da a ɗauke wa ƙafafunta aiki, kuma ga su duka a gabana cikin keken albasa. Da na ga ta damƙe cinya, da ni da kaina zan tare kabu-kabu zuwa gidan likita.

Na ciro kular na danƙa wa Indo a hannu, ta karɓa don ba ta san me ke faruwa ba. Na yaye mayafina na Sallah na shimfiɗa a cikin keken, na ja rumfarsa. Na dubi shinge na ce mutanen Tibiri su shiga.

"Ni ba jaririya ba ce, Tanti," in ji ta. "Mutane na kallo."

"Salamatu, kin ji abin da Inna ta ce," in ji Indo. "Ga matan unguwarmu can wurin mai kankana, wallahi kahin mu kai gida labari ya kai."

Na duba, da gaske ga su nan su uku, na san su sun san ni, har ɗayar ta ɗaga mini hannu. Na sake cewa a shiga, yarinyar ta girgiza kai ta ƙara riƙe wayar shingen. Na gane ba za ta shiga don shinge ya ce ba, ba kuma don Tanti ta ce ba. Sai na durƙusa a gabanta da goyo a bayana, na dube ta ido cikin ido, na buɗe baki da muryar da nake tallan zogale da ita.

"Rakiya. Tashi ki shiga. Uwarki ce za ta tura ki, in ga wanda za shi yi magana."

Sunan ya fito mini da nauyi, don harshena bai taɓa ɗaukarsa ba. Indo ta dafe ƙirji da hannun da ba kula. Matan nan suka daina cin kankana. Rakiya ta saki shingen, ta tsaya tana kallona baki buɗe kamar ta ga akuya ta yi sallama. Sannan ta miƙe, ta kakkaɓe zanenta, ta juya ta zauna cikin keken. Gwiwoyinta suka taso kusan haɓarta, ƙafafunta suka leƙo waje da lalle da sababbin takalma. Na miƙa mata gorar ruwa da hannuna, ba ta hannun Habu ba.

Na tura. Ban bi gefe ba, tsakiyar hanya na bi, ƙafar nan ɗaya tana kuka kowa na juyowa. Wasu samari suka ce kai ga ƙatuwar jaririya, na ce musu su matsa kada jaririyar ta taka su. Kai Habu, da kake dariya yau, kai ka wuce gaba kana ɗaga hannu kana cewa hanya, hanya, kamar yaron mota, har kana hura hanci. Da muka zo daidai matan Tibiri na tsaya na gaishe su da barka da Sallah ɗaya bayan ɗaya, don kada su ce ban gan su ba. A layin lilo wata mata da ban sani ba ta leƙa ƙarƙashin rumfar ta tambaye ni ko lafiya.

"Emasi gare ta," na ce. "Ba ta son rana da doguwar tahiya. Ɗiyata ce ta hwari."

Abu biyu da aka shekara goma ana rufewa na fitar a numfashi ɗaya, kuma sama ba ta faɗo ba. Matar ta ce ita ma nata yaron mai irin ciwon yana can ta kulle shi a gida da kakarsa, yana kuka ta fito. Ta zagaya keken tana duba ƙafafunsa, ta tambaye ni inda ake samun irinsa. Duk tsawon layin nan Rakiya tana zaune a inuwa tana shan ruwa, har leɓenta ya dawo daidai. Da aka zo kanmu ta sauko da kanta, ta taka matakalar ƙarfen da ƙafarta, ta zauna kusa da Habu aka rufe musu sarƙa. Ni na tsaya a ƙasa saboda goyo. Lilon ya ɗaga ta, ɗankwalinta ja ya yi ta ƙanƙancewa har ya kai can ƙoli. Na ɗaga kai na kalle ta a gaban duk Maraɗi, kallo na ƙoshi, ban kau da kai ba ko sau ɗaya. Daɗin da na ji ranar ban ji shi ranar aurena ba.

Indo ta riga mu isa gida. Muka tarar Inna ta ɗaure kayanta tana zaune a kan kujera da mayafi a kafaɗa. Ta kama Rakiya ta taɓa goshinta, ta matsa cinyoyinta, ta duba idonta, ta ga lafiya lau. Sannan ta tura mini ƙullin kayan yarinyar da ƙafa.

"Tunda kin san sunanta, sai ki san maganinta. Ga ɗiyarki nan."

Ta fita ba ta waiwaya ba, babanku ya bi ta da gudu har tasha. Kada ku ce na ci riba kyauta. Rakiya ta yi kwanaki tana kukan Inna, ba ta cin tuwona don ba irin na Tibiri ba ne, ni kuma ban san ko da wane gefe take kwanciya ba. Sai da na koyi 'yata kamar baƙuwa. Babanku ya yi mako ba ya ce mini komai sai gaisuwa. Mahaifiyata ta aiko daga Jiratawa a tambaye ni ko a gidanta na koyi wannan rashin ta ido. Na je Tibiri gaisuwa, Inna ta amsa wa bango. Tsohuwar nan ta raini yarinya tun daga yaye, ta yi jinyarta ita kaɗai, rana ɗaya ɗakinta ya zama wayam. Wannan ya dame ni har yau, ko da yake da za a mai da ni bakin shingen nan abin da na yi shi zan sake yi. Wata safiya na fito na iske babanku a durƙushe yana ɗiga wa ƙafar keken man inji. A nan na san ya sauko.

Da babbar Sallah muka kai wa Inna nama. Ta karɓa ba ta dube ni ba. Rakiya ta je ta zauna a jikinta ta ce mata ai daga saman lilon ta hango Tibiri, ta ga bishiyar dogon yaron tsakar gida, har ta ga shanyar Inna a kan igiya.

"Wane zane kika gani?" in ji Inna.

"Mai ruwan ganye, wanda kika hana Gwaggo Indo."

"Ja'ira. Wannan yana ƙasan akwati tun bara."

Ta yi dariya har da hawaye, ta ce a ba Salamatu ruwa ta sha, rana ta yi. Daga nan aka raba, karatu a Maraɗi, hutu a Tibiri, har Allah ya ɗauki ran Inna. Amma tsoronta bai faɗi ƙasa banza ba. Da Rakiya ta isa aure, gidan farko da suka nema sun janye, aka ce wata tsohuwa a cikinsu ta tuna ita ce wadda aka tura a keke. Rakiya ta yi kuka, ni ma na shiga ɗaki na yi nawa. Wanda ya zo daga baya, baban Mubarak, ya zo yana sane da komai, shi da kansa ya je aka auna jininsa kafin a kai goro. Ban taɓa kwana da fargabar ranar da asiri zai tonu a gidan mijinta ba, don babu sauran asiri tun ranar lilo.

Saboda haka maganar Mubarak, ga tawa. Yaron da ke haye katangar gidan nan ya sauka ta kan kejin kaji ba ya bukatar keke, ƙyuya ce da kishin ƙanwa. Ya taka da ƙafarsa, in ya gaji a zauna a inuwa a ba shi ruwa. Ban tura uwarsa don shekarunta ba, ban kuma fasa don shekarunta ba. Ita na duba.

Ranar Juma'ar nan, bayan kun gama dariyarku kun watse, Rakiya ta same ni a madafa ina tsince zogale. Ta zauna ta ja tiren gabanta muna yi tare. Har yau Tanti take ce mini, bakin ya riga ya saba. Na ce mata ni dai abu ɗaya nake so in sani tun tuni, tunda Tibiri ƙarya ce, me ta gani da gaske daga saman nan.

"Ban ga komi ba, Tanti. Tun da aka rufe sarƙa na runtse ido, ban buɗe ba sai da munka sauko."

Na ce ashe duk wahalar nan da faɗan nan a banza na sha, lilon ma ba ta kalla ba.

"Tsoro nika ji in na buɗe ido in manta yadda kika hwaɗe shi," in ji ta. "Ina ta maimaitawa ne a raina har ƙasa."

Na ajiye zogalen. Na ce Rakiya. Ta ce na'am. Ba abin da nake so ta miƙo mini, na dai sake kira, ta sake amsawa.